Motarka Tana Wata Ƙara, Ba Ka San Daga Ina Ba? Tambayoyi da Amsoshi Daga Gareji a Jos

Kusan kowace rana sai wani ya shigo garejinmu a Farin Gada, ya kashe mota, mu gaisa, ya ce, "Malam, motar nan wata ƙara take yi." In na tambaye shi wace iri, sai ya ce, "Ƙara dai." Daga nan aiki yake yin tsawo, kuɗi kuma ya fara tafiya inda bai kamata ba. Shi ya sa na tattara tambayoyin da masu motoci, maza da mata, suka fi yi mini a kan wannan matsala, na amsa su yadda nake amsawa in muna tsaye a gaban bonet. Maganata guda ce a cikinsu duka: kada a sayi ko noti ɗaya sai an kama inda ƙarar take fitowa. Rabin wannan aikin kuma na mai mota ne, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na fara jin baƙuwar ƙara a motata. Me zan yi kafin in kai ta gareji?

Ka fara da saurare. Kashe rediyo, kashe esi da fanka, ka roƙi na cikin motar su ɗan yi shiru. Sannan ka nemi amsar waɗannan: da safe take yi lokacin da inji yake da sanyi, ko sai ya ɗauki zafi? A tsaye take yi ko sai ana tafiya? Me kake yi a daidai lokacin, taka birki, shan kwana, faɗawa rami, ko ba ta wuta a hawa? Daga gaba take zuwa ko daga baya, hannun direba ko na fasinja? In kana da layi mai doguwar katanga a unguwarku, sauke gilashi ka bi gefenta a hankali. Katanga tana dawo maka da ƙarar ƙafafun mota fes. Ka bi ta da gefen dama, ka juyo ka bi ta da na hagu, za ka ji wanne ya fi.

Sai abu mai sauƙi da ake rainawa: kwashe kayan cikin mota. Wani Alhaji mai harkar dankali a Bokkos ya taɓa zuwa mini da ƙara a baya, gwaf-gwaf, duk inda hanya ba ta da kyau. Kafin ya iso wurina an canza masa shakazoba biyu da bushin, ƙara tana nan. Na ce, "Alhaji, a buɗe mana but." Muka ɗaga kafet. Notin da ke riƙe safaya ya kwance, tayar tana rawa a raminta, jak kuma yana gefe ba abin da ya tare shi. Yarona ya ɗaure notin, ya naɗe jak da tsumma, muka fita hanyar Zariya muka dawo, tsit. Alhaji ya daɗe riƙe da sitiyari bai ce komai ba. Abin ya tsaya mini a rai, don tsofaffin shakazobar da aka cire masa aka yar lafiyarsu ƙalau, sun ma fi sababbin inganci.

Yaya zan gane ko daga inji take ko daga ƙafa?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace amfani, kuma gwajin ba ya buƙatar sifana. Faka motar, ja birkin hannu, sa ta a firi, ka taka totur a hankali ka saki. In ƙarar ta fito a tsaye, tana tashi da inji tana sauka da shi, to daga inji take ko abin da bel ke juyawa, ko kuma salansa. Ka manta da taya da boris.

In a tsaye babu komai, fita da ita miƙaƙƙiyar hanya shimfiɗaɗɗiya wadda ba cunkoso. In ƙarar ta taso, taka kuloci, ko ka sa a firi na ɗan daƙiƙoƙi, inji ya sauko silo mota tana gangarawa. In ƙarar ta ci gaba da bin gudun mota, tana ƙafa: taya, boris, shaf ko birki. In ta ɗauke da ka cire ƙafa daga totur, ta dawo da ka ba ta wuta, sai a duba giya, shaf na ciki da mazaunin inji. In kuwa ba ruwanta da gudu ko inji, sai an taka rami take magana, to aikin ƙasa ne, su linkej da bushin da boljoyin.

Don Allah kada ka kashe makulli mota tana tafiya wai don ka ji da kyau. Birki zai yi tauri, sitiyari ma haka, wani ma ya kulle. Kuma ba a yin wannan gwajin a gangara.

Wace ƙara ce ba a yi mata jinkiri?

In ka ji bugu mai nauyi daga cikin inji, kamar ana dukan turmi da guduma a ƙarƙashin ƙasa, musamman in jar fitilar baƙin mai ta kama, ka gangara gefe ka kashe nan take. Kada ka ce bari in ƙarasa gida. Tsakanin Terminus da Bukuru ya isa ya mayar da gyaran metal, wato ƙarafan da karanshaf ke juyawa a kansu a ƙasan inji, ya zama sayen inji. In birki yana gurzar ƙarfe da ƙarfe, shi ma ba na gobe ba ne. In ka ji kwal-kwal daga taya ɗaya tare da rawar sitiyari, musamman bayan ka fito daga wurin mai faci, tsaya ka duba notocin taya, sau da yawa ba a ƙarasa ɗaure su ba. In kuma kana jin shuuu tare da tururi daga bonet, allurar zafi ta haura, kashe inji ka bar shi ya huce. Ba a buɗe murfin lagireto da zafi, ruwan da ke ciki ya wuce zafin tafasasshen ruwan tukunya, kuma da ƙarfi yake fitowa.

Da safe in na tayar da mota sai ta yi ƙiiii, bayan minti biyu ta daina. Mene ne?

Galibi fanbel ne ke santsi a kan fuli. A nan Jos muna yawan jin wannan a Disamba da Janairu, lokacin da sanyin asuba yake ƙanƙarar da roba, altaneta kuma yana jan nauyi don ya mayar wa batir wutar da kik ya ci. In ƙarar tana ƙaruwa da ka kunna esi ko ka murɗe sitiyari zuwa ƙarshe, zargin ya ƙara ƙarfi.

Gwajinsa ruwa ne. Inji yana silo, a fesa ruwa kaɗan a kan bel daga nesa. In ƙarar ta ɗauke na ɗan lokaci ko ta canza murya, matsalar tana bel ɗin, ko ya tsufa, ko ya saki, ko fulin ba su jeru ba. In ko gezau ba ta yi ba, to boris ne a cikin altaneta, kamfuresa, famfon ruwa ko tenshona mai ɗame bel. A nan bakanike zai cire bel ɗin ya tayar da inji na ƙasa da minti ɗaya. In ƙara ta tafi, sai ya juya kowane fuli da hannu, mai ciwo zai ji shi yana gurza kamar akwai yashi a ciki. Masu zuba man birki ko goga sabulu a kan bel suna rufe bakin ƙarar ne na kwana biyu, man kuma yana cinye robar.

Da na murɗa makulli da safe sai inji ya yi kararrr na daƙiƙa biyu, sai ya lafa. In damu?

Ka lura dai. Da daddare yawancin baƙin mai yana saukowa ƙasa, da safe sai famfo ya tura shi sama kafin sarkar taimin da bawuloli su samu. Wannan ɗan tsakanin ne kake ji. Abu biyu ke tsawaita shi, kuma duka biyun suna hannunka. Na farko filtar mai ta jabu. Filta ta gaskiya tana da wata 'yar roba a ciki mai hana mai komawa ƙasa in an kashe inji, ta jabu kuwa ko babu, ko ba ta riƙewa. Na biyu kaurin mai. Mutane da yawa 20W-50 suke zuba wa kowace mota, don shi aka saba da shi tun zamanin Peugeot 504. Amma injinan yanzu da yawa an rubuta musu 5W-30 ko 5W-20 ko ma 0W-20 a kan murfin mai ko cikin littafin mota. Lambar da ke zuwa kafin W ita ke nuna yadda mai yake gudana da sanyi, in ta yi ƙasa ya fi saurin hawa. A garin da ake kwana da bargo biyu, mai kauri yana daɗewa kafin ya isa saman inji.

Ka fara da duba gejin mai, sannan ka canza mai da filta zuwa abin da aka rubuta wa motar. In ƙarar ta ci gaba, ko daƙiƙa biyun nan suka zama goma, a duba sarkar taimin da tenshonarta.

Injina yana ƙas-ƙas-ƙas kullum. Wani ya ce ya kusa bugawa. Gaskiya ne?

Ba kowace ƙas-ƙas ce bugawa ba, kuma an tsorata mutane da yawa sun sayar da mota a banza. Nozul ɗin mai suna yin ƙas-ƙas siririya mai sauri, wannan aikinsu ne. Tafet kuma daga saman inji yake magana, muryarsa ba nauyi, kuma bugunsa rabin juyin inji ne, domin kamshaf sau ɗaya yake juyawa in karanshaf ya juya sau biyu. Akwai kuma yoyon hayaƙi a bakin manifol, inda gasket ya ƙone ko noti ya karye. Shi da sanyi yake ƙara, in ƙarfe ya yi zafi ya kumbura sai ya toshe kansa, kuma za ka ga baƙin toka a wurin. Bugun metal daban ne. Daga ƙasa yake zuwa, mai nauyi, yana ƙaruwa in inji ya yi zafi mai ya tsinke, kuma yana amsawa da ka taɓa totur.

Yadda muke rarrabe su tsohuwar dabara ce. Ka samu doguwar sukudireba, ka ɗora bakinta a kan murfin bawul, ka manna kunnenka a jikin mariƙin. Ƙarfe yana kawo maka abin da ke faruwa a ƙarƙashinsa kamar kana ciki. Ka matsa da ita kan altaneta, kan nozul, kan jikin inji a ƙasa. Inda ƙarar ta fi tsini a kunnenka, nan ne gidanta. Sai dai ka cire babbar riga, ka naɗe hannun riga, Hajiya ki ɗaure mayafi, carbi ya koma aljihu. Fankar lagireto ta lantarki tana tashi da kanta ba sallama.

In ina hawan Hawan Kibo, a hanyar Akwanga zuwa Jos, sai in ji kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. A cikin gari ba na ji.

Wannan shi muke ce wa finkin. Fetur ne yake fashewa da kansa a cikin silinda maimakon ya ƙone a jere bayan fulogi ya ba da wuta. Yana fitowa ne in inji yana ɗauke da nauyi a babbar giya, gudu kaɗan. Abu na farko, sauko da giya ka bar inji ya yi numfashi. Direbobi da yawa suna hawa da giya huɗu don tsimin mai, alhali inji ake cutarwa.

Akwai abin da ba kowa ya lura da shi ba. Jos tana kan tudu, kusan mita 1,200 sama da teku. Iska a nan ba ta da kauri kamar ta ƙasa, injin da ba shi da turbo yana rasa kimanin kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a duk mita 300 da aka hau. Wannan raguwar matsi da sanyin garin suna ɓoye finkin. Shi ya sa mota za ta yi lafiya lau tsakanin Rayfield da Bauchi Road, amma in an sauka Akwanga ko Abuja cikin zafi, aka cika ta da mutane da kaya aka kamo hawa, sai ta fara. Dalilan da ake nema su ne gurɓataccen fetur, inji mai zafi fiye da ƙima, fulogin da ba na motar ba, tarin baƙin dauɗa a kan fiston, ko saitin wuta da ya yi gaba. In ƙarar ta fara ne bayan ka sha mai a wani wuri, ka fara zargin man. Waɗanda suka ga abin da fetur mai yawan methanol ya yi wa motoci a Fabrairun 2022 ba sa buƙatar dogon bayani.

Ina jin wuuuu kamar jirgi, tana ƙaruwa da gudu. Boris ne ko taya?

Su biyun muryarsu kusan ɗaya, kuma a nan ake yawan asarar kuɗi. Ka fara da taya tunda kyauta ne. Shafa tafin hannunka a kan zanen tayar gaba da baya. In ka ji tudu da kwari, ko kaifi kamar haƙoran zarto, tayar ce ke kuka, kuma abin da ya cinye ta haka alaimen ne ko shakazobar da ta mutu. Ka sa a mayar da tayoyin gaba baya, na baya gaba. In ƙarar ta bi su ta canza wuri, magana ta ƙare. Kukan taya yana canzawa da irin kwalta, na boris ba ruwansa.

Gwajin boris kuma a hanya marar motoci ake yi, a gudu matsakaici. Karkata sitiyari kaɗan hagu, sannan dama. In ka karkata hagu nauyin mota yana komawa dama. In ƙarar ta ƙaru a lokacin, yawanci boris na dama ne, in ta ragu na hagu ne. Na ce yawanci, don akwai wanda yake yaudara, shi ya sa ba na tsayawa nan. Sai mu ɗaga motar, in riƙe sifirin da hannu ɗaya, yaro ya juya tayar da ƙarfi. Boris mai ciwo za ka ji gurzarsa tana tafiya cikin sifirin har tafin hannunka, ko da kunne bai ji ba.

Tunda kana wurin, karanta lambobi huɗu na ƙarshe bayan DOT a jikin tayar. 2319 na nufin mako na 23, shekarar 2019. Tsohuwar tayar da wayarta ta rabu a ciki tana yin wub-wub a gudu kaɗan, mota tana rangaji kamar agwagwa. Wannan ba ta hanyar Abuja ba ce.

In na murɗe sitiyari zan juya sai in ji ƙwas-ƙwas-ƙwas a gaba.

Kan shaf ne na waje. Leƙa bayan tayar, kusan kullum za ka tarar robar da ke rufe shi ta yage, baƙin giris ya fantsama a cikin rim. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: giris ya fita, ƙura da ruwan damina suka shiga, ƙwallayen ciki suka ci. In an ga yagewar da wuri, roba da giris kawai za a saya. In ya riga ya fara ƙwas-ƙwas, sabuwar roba ba za ta dawo da ƙarfen da ya cinye ba. In kuma kuka ne, ngwiii, mai bin juyin sitiyari ko a tsaye, duba man fawa sitiyarin. Motocin da sitiyarinsu na lantarki ne ba su da wannan man.

Birkina yana fito. Fad ne ya ƙare?

Zai iya zama. Fad da yawa suna da wani ɗan harshen ƙarfe da aka sa musamman don ya taɓa diski ya yi fito in naman fad ya kusa ƙarewa. Wani lokaci ma kana tafiya yake yi, in ka taka birki ya yi shiru. Amma in da safe ne kawai bayan ruwan sama ko wankin mota, ya ɗauke bayan taku uku, tsatsar dare ce a kan diski. Fad mai araha mai tauri shi ma yana fito tun yana sabo.

Akwai kuma tsakuwa. Garinmu garin duwatsu ne, kuma hanyoyin unguwa da yawa ba kwalta. Ƙaramar tsakuwa in ta maƙale tsakanin diski da farantin da ke bayansa, ƙarar da take yi sai ka rantse ƙafar za ta cire. Wata malamar makaranta ta taɓa kira na daga Rikkos muryarta na rawa, ta ce ba za ta ƙara motsa motar ba. Na ce, "Hajiya, ki sa ribas ki ja baya kaɗan, ki taka birki, ki sake gaba." A karo na biyu tsakuwar ta faɗo. Na ce duk da haka ta kawo mu cire tayar mu gani da ido, ta kawo, fad ɗinta da sauransa.

In kuma sitiyari ne ke karkarwa in ka taka birki a gangara, diski ya sha zafi fuskarsa ba ta daidaita. Masu sauka Hawan Kibo da ƙafa a kan birki tun daga sama su suka fi kawo wannan. Ana sauka da ƙaramar giya ne, birki yana taimakawa.

Duk ramin da na faɗa sai in ji gum-gum a ƙasa. Bakanike ya ce shakazoba.

Shakazoba ta fi kowane ƙarfe shan zargi, kuma sau da yawa ba ita ba ce. Ga gwajin da zan ba ka. Nemi tudun rage gudu, ka hau shi a miƙe, tayoyin gaba biyu tare. Sannan ka dawo ka hau shi a karkace, taya ɗaya kafin ɗaya. In a miƙe shiru ne amma a karkace ta yi magana, linkej ne ko bushin sandarsa, kuma suna cikin mafi araha a ƙasan mota. In ta kowace hanya tana bugawa, sai a duba kan shakazoba, bushin hannu da boljoyin. Ita kanta shakazobar in ta mutu za ka ga mai ya jiƙa jikinta, mota kuma tana ci gaba da lilo bayan an wuce rami.

A gareji sai a ɗaga ƙafar, a kama taya sama da ƙasa a girgiza. In da wasa, boljoyin ne ko boris. A kama ta hagu da dama a girgiza, in da wasa, tairod ne ko rak. Mutum ɗaya yana girgizawa, ɗaya yana leƙe da tocila ya ga wace gaɓa ce ke motsi. Ka tsaya a nuna maka da idonka.

Boljoyin nake so ka fi tsoro. In kana jin ƙiiƙ-ƙiiƙ kamar tsohuwar ƙofa in ka juya sitiyari ko ka hau tudu a hankali, ya bushe. Duk motar da ka gani a bakin hanya tayar gaba ta kwanta ta shige ƙarƙashinta, da wannan ƙarar ta fara, makonni tana yi.

Akwai kacau-kacau a ƙarƙashin mota in tana silo.

Bar salansa ya huce, ka doke shi da gefen hannu wuri-wuri. In siririn gwangwanin da ke kare zafi ne ya saki, za ka gan shi yana rawa, waya ko kilif ya isa. In ƙarar daga cikin tulun da ake ce wa indomi take, kamar fasasshen kasko, abin cikinsa ya farfashe. Ka kula a nan: akwai ƙarafa masu tsada a cikinsa, platinum da palladium da rhodium, shi ya sa wasu ke saurin cewa a cire. In motarka ta dawo daga wani aiki muryar salansa ta ƙaru, hayaƙi yana yaji, ka sa a duba ko yana nan.

Ƙarar tana da alaƙa da kuloci ko giya.

In sai ka taka kuloci take fitowa, rilis ne, wato boris ɗin kuloci. In a firi take yi, ka taka kuloci ta ɗauke, boris ne a cikin giya. A otomatik, in ka sa D ko R mota ta yi gum ta zabura, tana kuma karkarwa a tsaye, a fara duba mazaunin inji kafin a taɓa giya. Robar mazauni in ta tsage, inji yana ɗagawa ya buga.

In na sa an yi mata sikanin da kwamfuta, ba za ta faɗi inda ƙarar take ba?

Kwamfuta ba ta da kunne. Wannan soket mai rami 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda ya zama dole a motocin Amurka tun 1996, na Turai masu fetur tun 2001, abin da na'urorin lantarki suka gani kawai yake faɗa. Zai ce maka P0300, wato inji yana ɓarin wuta, ko P0325, na'urar jin finkin ta samu matsala, ko P0420, indomi ba ya aiki. Wannan yana da amfani in fitilar inji ta kama. Amma boljoyin, boris, bushin da linkej ba wayar da ta haɗa su da kwamfuta. Za su iya kaiwa gargara sikanin ya ce komai lafiya.

Da na isa gareji sai ƙarar ta ɗauke. Yaya zan yi?

Haka take yi wa kowa. Ɗauki murya da wayarka lokacin da take yi, amma wani ya riƙe wayar in kana tuƙi. In ta safe ce, bar motar ta kwana a gareji, a tayar da ita a gabanka. In ta hanya ce, ɗauki bakanike ku je ainihin hanyar da take yi, kai ka tuƙa, don kai ka san yadda ake tsokano ta. In sai da kaya take yi, a sa mutane a baya. Ka kuma faɗi aikin ƙarshe da aka yi wa motar ko da faci ne. Ƙara da yawa a hannun wanda ya taɓa ta ƙarshe aka haife su.

Akwai ƙarar da ba ciwo ba ce?

Akwai. Tik-tik bayan ka kashe inji salansa ne ke hucewa. Zuuu na daƙiƙa biyu daga ƙarƙashin kujerar baya in ka murɗa makulli famfon mai ne yake cika layi. Ƙas ɗin da kake ji in esi yana aiki kamfuresa ce ke kamawa tana saki. Fankar lagireto ma a wasu motoci takan ci gaba na ɗan lokaci bayan an cire makulli. Amma fankar cikin mota in ta fara far-far, ganye ne ko leda, ko ɓera ya yi sheƙa a bayan dashbod.

Bakanike ya ce mu canza mu gani. In yarda?

Ni bakanike ne, kuma ina ce maka kada ka yarda da sauri. Ka tambaye shi cikin girmamawa, "Oga, me ka gani da ya sa ka ce shi ne?" Wanda ya gano ciwo zai ji daɗin nuna maka: ga wasan, ga yagewar, sa hannunka ka ji. In ya ce bai kama ba tukuna, yana so motar ta kwana, wannan mutumin kirki ne, ka biya shi kuɗin bincikensa da daɗin rai. Mutanenmu suna ganin kuɗin aiki sai an kwance noti, shi ya sa wasu kanikawa ke kwancewa ko ba dalili. In an shiga Dilimi sayen kaya, a canza abu ɗaya, a gwada hanya, sannan a wuce na gaba. Kuma a ba ka tsohon da aka cire.

An canza kayan, ƙarar ta tafi, bayan wata biyu ta dawo. Me ya faru?

Ko kayan jabu ne, ko ɗaurin ne ya kashe shi, ko kuma abin da ya lalata na farkon yana nan. Boris in an buga shi da guduma maimakon a matsa shi da injin matsi da ake ce wa fires, ya samu rauni tun kafin ya taka ƙasa. Babban notin shaf in bai ɗauru yadda ya kamata ba, sabon boris ba ya daɗewa. Bushin hannu kuma ba a ƙarasa ɗaure shi mota tana sama ƙafa tana reto. In an yi haka, da an sauke ta robar ta murɗe, a haka za ta zauna har ta tsage. Ana sauke mota ne nauyinta ya hau kan tayoyi, a shiga rami a ƙarasa ɗaurin. Sabon bel a kan tenshona mai rauni zai sake kuka, sabuwar taya a kan ƙafar da ba alaimen za ta sake cinyewa ta gefe. In ka koma gareji, ka tafi da tsohon kayan da aka ba ka, a ajiye shi kusa da wanda ya sake lalacewa a dubi inda kowanne ya ci. In wuri ɗaya suka ci, a bar su a nemi abin da ke kusa da su.